Miƙa Majiyyaci Daga Hannu Zuwa Hannu: Abin da Kwamfuta Ta Gyara a Asibitocin Amurka

A watan Maris na 1984, wata budurwa 'yar shekara 18 mai suna Libby Zion ta rasu a wani asibiti a birnin New York, a hannun matasan likitoci masu neman ƙwarewa. Mahaifinta, Sidney Zion, lauya kuma ɗan jarida, ya ɗora laifin a kan gajiyar likitocin da rashin sa ido daga manyansu, bai kuma bari maganar ta kwanta ba. A 1989 jihar New York ta ƙayyade aikin irin waɗannan likitoci zuwa awa 80 a mako, sannan a 2003 ƙa'idar ta game Amurka baki ɗaya.

Gyaran ya zo da tasa matsalar. Da lokacin aiki ya ragu, sai majiyyaci ya riƙa ratsa hannuwa da yawa: daga mai aikin rana zuwa mai aikin dare, daga sashen gaggawa zuwa ɗakin kwanciya. A kowace miƙawa ana iya mance sunan wani magani ko sakamakon gwajin jini da ake jira. Saboda haka a 2006 hukumar Joint Commission, mai tantance asibitoci, ta wajabta musu tsayayyen tsarin miƙa bayani.

Kwamfuta ta fara da rage wahala. A Jami'ar Washington da ke Seattle, likita Erik Van Eaton da abokan aikinsa sun samar da manhajar UWCores, wadda ke ɗauko zafin jiki, bugun jini da sakamakon gwaji kai tsaye daga rumbun bayanan asibiti. Rahotonsu na 2005 ya nuna cewa adadin majiyyatan da ake tsallakewa yayin zagayen safe ya ragu da rabi, lokacin da ke tafiya wajen kwafe lambobi da hannu kuma ya koma ga duba marasa lafiya.

Sai dai allo ba ya faɗa wa mai karɓa wane ne ya fi kusa da haɗari. Wannan giɓi ne tsarin I-PASS, wanda aka tsara a Asibitin Yara na Boston, ya nemi cikewa. Mai miƙawa zai bayyana tsananin ciwo, taƙaitaccen tarihi, ayyukan da suka rage, da abin yi idan jiki ya rikice. Mai karɓa kuma ya maimaita da bakinsa. An gwada shi a asibitoci 9 na Amurka da Kanada, tare da horo da takardar miƙawa ta kwamfuta. Sakamakon da aka buga a 2014 ya nuna kurakuran jinya sun ragu da kashi 23 cikin ɗari, cutarwar da ake iya kauce mata ta ragu da kashi 30, ba tare da lokacin miƙawar ya ƙaru ba.

Darasin ya shafi duk asibitin da ke shirin barin takarda. Manhaja tana ceton lokaci, amma raguwar kuskure ta samu ne inda aka haɗa ta da horo, aka kuma tilasta wa mai karɓa ya maimaita abin da ya ji kafin amanar majiyyaci ta koma wuyansa.