Faifan da ya yi shekara 48 a ma'ajiya

Masoya kiɗan jaz sun daɗe suna jimamin watannin 1957 da Thelonious Monk da John Coltrane suka yi suna wasa tare a gidan Five Spot na birnin New York. Coltrane ya zo ne bayan Miles Davis ya sallame shi saboda miyagun ƙwayoyi. Ya daina, yana neman farfaɗowa, Monk makaɗin fiyano kuwa ya zame masa malami. Sai dai kowanensu da kamfanin faifan da ke riƙe da shi, Riverside da Prestige, kuma kiɗa uku kacal ƙungiyar tasu ta mutum huɗu ta bari a situdiyo. Saura kusan duk labarin waɗanda suka halarta ne.

A farkon 2005, Larry Appelbaum, ma'aikacin Laburaren Majalisar Dokokin Amurka, yana bin tsofaffin kaset na Muryar Amurka, sai ya ci karo da mai ɗauke da sunan Monk. Ashe wasansu ne na zauren Carnegie, ranar 29 ga Nuwamba 1957, wanda gidan rediyon ya naɗa amma bai taɓa watsawa ba.

Kamfanin Blue Note ya fitar da shi a Satumban shekarar. A naɗin situdiyo ana jin Coltrane yana lalube cikin karkatattun kiɗe-kiɗen Monk. A nan kuwa ya riga ya haddace su, yana ratsa su a guje, Monk na binsa da fiyano cikin walwalar da ba kasafai ake ji daga gare shi ba.