Tarihin Sanya Yis Cikin Abincin Shanun Madara

Tun kafin masana su gane abin da ke wakana a cikin tumbin saniya, manoman Turai da ke maƙwabtaka da masana'antun giya suna ciyar da shanunsu dusar sha'ir da ragowar yis, wato ƙwayar halittar nan da ke sa ƙullin burodi ya tashi. A wancan zamani abinci kawai aka ɗauki yis, kuma da wannan tunani ne Eckles da Williams na Jami'ar Minnesota ta Amurka suka gwada shi a kan shanun da ake tatsa a shekarar 1925, suna zaton sinadarin bitamin B da ke cikinsa zai ƙara madara. Gwajin bai nuna ƙarin a-zo-a-gani ba, kuma a 1928 wasu masana a Pennsylvania suka nuna cewa ƙwayoyin bakteriya na cikin tumbi suna haɗa wa saniya wannan bitamin da kansu.

Duk da haka fataucin yis bai tsaya jiran hujja ba, domin a 1943 aka kafa kamfanin Diamond V a jihar Iowa, wanda yake rainon yis a kan hatsi ya busar ya sayar wa makiyaya, sannan a 1980 Pearse Lyons, ɗan Ailan da ya ƙware a ilimin sarrafa yis, ya kafa kamfanin Alltech a Kentucky.

Bayanin da ya gamsar game da yadda yis ke amfanar saniya ya biyo bayan aikin masani Robert Hungate, wanda ya gano hanyar rainon ƙwayoyin tumbi ba tare da iska ta taɓa su ba. Tumbi, wanda shi ne mafi girma cikin sassa huɗu na cikin saniya, matattara ce ta ƙwayoyin da ke narka ciyawa da harawa, kuma iskar oksijin da ke bin abinci da ruwa tana raunana su. A 1996 masana a Cibiyar Rowett ta Aberdeen suka nuna cewa yis mai rai yana shanye wannan iska, har ƙwayoyin da ke narka ciyawa su yawaita. Yana kuma taimakon ƙwayoyin da ke cinye tsamin da kan taru idan an cika wa saniya hatsi, tsamin da ke sa ta rage tuƙa, ta yi zawo, kitsen madararta ya ragu, wani lokaci har kofato ya kumbura ta riƙa ɗingishi.

Kasuwar yis ta ƙara buɗewa a 2006, lokacin da Tarayyar Turai ta hana sanya magungunan kashe ƙwayoyin cuta cikin abincin dabbobi don ƙara musu girma. Sai dai ribar da ake samu a madara matsakaiciya ce, ta fi bayyana ga saniyar da ta haihu ba da jimawa ba take cin hatsi mai yawa, don haka ba daidai ba ne a tallata shi ga makiyayin da matsalar shanunsa rashin ciyawa ce a lokacin rani.