Tarihin Kallon Tsuntsaye a Gaɓar Bempton

A gabashin Ingila, cikin lardin Yorkshire, akwai wata gaɓa ta farin dutsen alli da ake kira Bempton, wadda tsayinta ya haura mita 100 bisa teku, inda tsuntsayen ruwa dubbai kan cika kowace tsaga tun daga watan Afrilu domin yin ƙwai. Wanda ya ga jama'a a yau sun yi sahu da asuba, kowa da tabaran hangen nesa, yana iya zaton al'adar ta samo asali tun fil azal, alhali kuwa kakanninsu ƙwan suke nema. Mazajen ƙauyukan wurin sukan ɗaura wa ɗayansu igiya a ƙugu su zura shi cikin wannan halaka, ya tsinto ƙwan tsuntsun gilimot, sana'ar da ba ta gushe ba sai da wata doka ta 1954 ta haramta ta.

Abin da ya fi muni, a ganina, shi ne ta'adar 'yan yawon shaƙatawa na ƙarni na 19, waɗanda kan zo cikin jiragen ruwa su yi ta harbin iyayen tsuntsaye a kan sheƙa, su bar 'ya'ya ga yunwa. Wannan zalunci ne ya sa limamin cocin Bridlington, Henry Barnes, ya tashi haiƙan har majalisa ta zartar da dokar kare tsuntsayen teku a 1869. Cikin hujjojin da aka kafa har da cewa kukansu yakan gargaɗi matuƙa jirage ranar hazo. Ƙungiyar kare tsuntsaye ta RSPB ta fara kula da wurin a 1969.