Wa yake koyar da firinsifal?

Asabar ɗin da ta wuce na je ɗaurin aure, na haɗu da wani abokina da muka yi jami'a tare. Shi ya kama koyarwa, ni na shiga aikin ofis. Yau shekararsa tara yana firinsifal, makaranta uku ya riƙe, wadda yake ciki yanzu ta kwana ce, ɗalibai sun haura dubu. Ina ba shi labarin wani kwas da aka tura mu, sai ya yi dariya ya ce: "Malam, ni fa tun ranar da aka miƙo min takarda da makullin ofis, ba wanda ya taɓa zaunar da ni ya ce ga yadda ake riƙe makaranta. Bitar kwana biyu ce a otal, a ba ka jaka da biro, ka sa hannu ka karɓi na mota, shi ke nan."

Maganar nan ta tsaya min a rai, domin na san ba haka aka faro ba. Ku ɗan yi haƙuri da tsawon rubutun, tarihi zan taɓo.

A 1922 Gwamna Hugh Clifford ya buɗe Kwalejin Katsina, kuma aikinta na farko shi ne yaye malamai. Sardauna Ahmadu Bello ya gama a 1931 ya koma Midil ta Sakkwato yana koyarwa. Abubakar Tafawa Ɓalewa ya gama a 1933 ya koma Midil ta Bauci, ya yi ta aiki har ya zama hedimasta. Wannan kowa ya sani. Abin da ba a cika lura da shi ba shi ne abin da ya biyo baya. A 1945, bayan ya shafe kimanin shekara 12 yana riƙe da alli, aka ɗauke shi daga makarantar aka tura shi Cibiyar Ilimi ta Jami'ar Landan, ya yi shekara guda. Da ya dawo sai aka ɗora masa aikin kula da makarantun En'e ta Bauci. Malam Aminu Kano, wanda suka koyar tare a Bauci, shi ma ya bi sahu a 1946. Da ya dawo ya jagoranci kafa ƙungiyar malaman Arewa a 1948, sannan ya tafi makarantar horon malamai ta Maru.

Ba wai ina yabon Bature ba ne. Yana da manufarsa, makarantun 'yan kaɗan ne, waɗanda aka tura ɗin ma a yatsa za ka ƙirga su. Amma akwai dabara a ciki: mutum ya riga ya goge, ya san aji, ya san iyaye, ya san halin malamai, sannan a janye shi daga hayaniyar yau da kullum a ba shi lokaci ya yi karatu ya yi nazari, a dawo da shi a ba shi nauyin da ya fi na da. An ɗauka cewa gogewa ita ce dalilin da zai sa a ƙara maka ilimi. Mu yanzu mun ɗauke ta dalilin da zai sa a ƙyale ka.

To ina aka kauce?

A ganina babbar mararrabar ita ce 1976. A watan Satumba na shekarar gwamnatin Janar Obasanjo ta ƙaddamar da shirin UPE, ilimin firamare kyauta ga kowa. An yi lissafin yara kamar miliyan 2.3 za su shiga aji ɗaya, sai ga kusan miliyan 3 sun bayyana. Alheri ne babba, da yawa daga cikinmu albarkacin wannan ƙofa muka shiga boko. Amma dole hankalin hukuma ya koma kan yawa: aji nawa, benci nawa, malami nawa. A shekarar aka kafa Cibiyar Malamai ta Ƙasa, NTI, a Kaduna, don a samar da malamai da gaggawa kuma a ɗaga darajar waɗanda ke bakin aiki. Da yaran UPE suka gama firamare, wajen 1982, lokacin da aka shiga tsarin 6-3-3-4, sai aka yi ta buɗe sakandare a garuruwa da ƙauyuka. Kowace tana buƙatar shugaba. Wanda ya fi kowa takarda ko ya fi kowa daɗewa, shi ake miƙa wa makulli.

Ga kuma ƙirƙirar jihohi. Daga 12 a 1967 aka koma 19 a 1976, 21 a 1987, 30 a 1991, 36 a 1996. Kowace sabuwar jiha sai ta kafa ma'aikatar ilimi da hukumomi, tana neman daraktoci. Daga ina za a samo su? Daga cikin firinsifal ɗin da suka fi ƙwarewa. Haka aka riƙa kwashe gwanaye daga makarantu ana kai su ofis, ba tare da sun tsaya sun raini na bayansu ba. Da kuɗin mai ya faɗi aka shiga tsuke bakin aljihu na SAP a 1986, mu ma'aikata mun san abin da ake fara yankewa a kasafi: kuɗin horo. Albashi ba ya jira, jarrabawa ba ta jira, amma kwas kullum "sai baɗi".

Ba wai ba a yi komai ba. A 1992 aka kafa NIEPA a garin Ondo, cibiyar da aikinta shi ne horar da masu tsarawa da gudanar da ilimi, har da shugabannin makarantu. A 1993 aka yi dokar TRCN ta rajistar malamai. Su kansu firinsifal suna da ƙungiyarsu, ANCOPSS, suna taruwa suna tattaunawa. Amma cibiya ɗaya ga ƙasa mai jiha 36 da dubban sakandare, ai sai dai ta yi abin da za ta iya.

Ku kwatanta da sauran ayyuka. Soja yana da Jaji, kuma hafsa ba ya hawa wasu matakai sai ya yi kwas ya ci. Ma'aikacin gwamnati irina yana da ASCON a Badagry. Manya suna da Kuru tun 1979, inda ake kwashe watanni ana nazarin manufofin ƙasa. Ni da nake kula da fayil da ma'aikata goma sha, an tura ni kwas fiye da sau ɗaya. Abokina da ke kwana da 'ya'yan mutane dubu a hannunsa, abincinsu, lafiyarsu, tarbiyyarsu da rayukansu, bitar kwana biyu ce rabonsa. Wallahi abin akwai kunya.

Wasu ƙasashen sun gane wannan giɓi sun toshe shi. A Ingila, a 1997 aka ƙirƙiro takardar shaida ta musamman ga mai son zama shugaban makaranta, a 1998 aka fito da wani shirin daban don waɗanda suka riga suka daɗe a kan kujerar, a 2000 kuma aka kafa kwalejin shugabancin makarantu a Nottingham. Singafo tun 2001 take zaɓo mataimakan firinsifal ta janye su daga makaranta na tsawon watanni, da albashinsu, kafin a ba su riƙo. Idan ka duba da kyau, dabarar da aka yi wa Tafawa Ɓalewa ce aka mayar da ita tsari.

Wani zai ce, wanda ya shekara goma yana firinsifal me kuma za a koya masa? Amsa ita ce aikin da aka ba shi ba shi ne yake yi yanzu ba. Chibok a 2014, Dapchi a 2018, Ƙanƙara a 2020, Jangebe a 2021, Kuriga a 2024. Yau shugaban makarantar kwana dole ya san yadda ake tsara gadi, wa zai kira ƙarfe biyun dare, ta wace ƙofa za a fitar da yara, yaya zai fuskanci iyaye idan jita-jita ta tashi. Wannan ba ya cikin abin da aka karantar da shi a jami'a. Ga JAMB ta koma kwamfuta, ga waya a hannun ɗalibai, ga shaye-shaye, ga malaman wucin gadi. Mai gogewa ma yana da tasa cutar: abin da ya yi masa aiki shekara goma da suka wuce yakan zame masa aƙida, kuma ba wanda ke ƙarƙashinsa da zai iya ce masa "Ranka ya daɗe, an wuce nan."

Ni abin da nake gani jiha za ta iya yi ba tare da jiran Abuja ko Turawa masu tallafi ba guda uku ne. Na farko, duk firinsifal da ya shekara biyar a janye shi zango ɗaya da albashinsa, a haɗa shi da sashen ilimi na jami'a ko kwalejin ilimi mafi kusa, ya zo da matsalar makarantarsa ta gaske ya yi aiki a kanta, mataimakinsa kuma ya riƙe, shi ma ya koya. Na biyu, a haɗa su rukuni-rukuni a shiyya, su riƙa ziyartar makarantun juna suna faɗa wa juna gaskiya. Na uku, kada a bar gwani ya yi ritaya da iliminsa a ka. Shekara biyun ƙarshe a ba shi sababbin firinsifal biyu ko uku ya raina. Kuɗin bitar otal da ake kashewa zai ɗauki kaso mai yawa na wannan.

Akwai malamai da firinsifal da yawa a cikin masu bibiyata, har da waɗanda suka koyar da ni. Don Allah ku faɗa mana: tun da aka ba ku makaranta, wane horo kuka samu da ya wuce mako guda, kuma wa ya koya muku aikin a zahiri? Idan na yi kuskure a gyara min.

Allah Ya jiƙan malamanmu da suka riga mu, Ya saka wa waɗanda ke bakin aiki da alheri.