Wasa a matsayin gashi: abin da ya kamata mai jinyar shanyewar ɓarin jiki ya sani

Mahaifina dillalin shanu ne, shekara da shekaru yana lodi daga Kasuwar Shanu ta Maiduguri zuwa Agege. Bara ya faɗi a gidanmu na Wulari, ɓarinsa na dama ya shanye. Likita ya ce hawan jini ne ya taɓa jijiya a ƙwaƙwalwa, ba iska ba ce. Ga abin da na koya wajen jinyarsa.

Ƙwaƙwalwa tana iya koyon sabuwar hanyar sarrafa hannu da ƙafa, amma sai an yi ta maimaita motsi, musamman a wata uku na farko. Matsalar ita ce gajiya: Baba yakan ɗaga hannu sau biyar ya ce ya ishe shi. Shi ya sa likitocin gashi suke mayar da atisaye wasa, mai maki da mataki, har mutum ya maimaita da yawa bai ankara ba.

A ƙasashen waje ana amfani da na'urori irin su Nintendo Wii, da ta fito a 2006, da Kinect ta 2010. Amma wani bincike da likitocin Kanada suka jagoranta, aka wallafa a 2016, ya gwada majinyata 141: rabi suna buga Wii, rabi suna karta da wasan ƙwallo. Hannuwansu sun samu sauƙi kusan daidai. Ke nan sirrin yana wajen maimaitawa, ba tsadar na'ura ba.

Mu dara muka koma. Baba yana ɗaukar 'ya'yan dara da hannun da ya shanye, ƙannena suna ƙirga ci. Wasa yana kuma ɗauke hankali daga ciwo. A Jami'ar Washington ta Amurka an yi amfani da wasan kwamfuta don rage wa masu ƙuna raɗaɗi lokacin wankin ciwo.

'Yan'uwa na Sabo da Mile 12, a kiyaye abu uku. Likitan gashi ne zai zaɓi motsin da ya dace. Kada a ja hannun da ya shanye, kafaɗa tana iya gocewa. Kada a bar maganin hawan jini. In kuma baki ya karkace ko magana ta sarƙe, a garzaya asibiti nan take.

Yanzu Baba yana riƙe kofin shayi da kansa. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.