Yadda ake saka Office daga filashi ba tare da ƙona data ba

Duk wanda ya sayi laftof na hannu a Computer Village da ke Ikeja ya san matsalar: ka sauke ɗan fayil ƙarami daga shafin Microsoft, ka danna shi, sai ya fara jan sauran kayan daga intanet. Wannan tsari shi ake kira Click-to-Run. Fayil ɗin da ka sauke ɗan aike ne kawai, ainihin Office ɗin yana can, nauyinsa kusan giga uku ko fiye. Tun daga Office 2019, Microsoft ta koma wannan hanya har ga masu sayen lasisi da yawa. Ga mai shagon buga takardu a Agege da ke da kwamfuta huɗu, ko mai riƙe lissafin dillalai a abatuwar Oko-Oba, giga goma sha biyu ke nan a abu ɗaya, a lokacin da NCC ta amince da ƙarin kashi 50 a kuɗin kira da data tun Janairun 2025. Kuma in wuta ta ɗauke ko sabis ya tsinke a tsakiya, wani lokacin sai a sake lale.

Maganin yana wajen Microsoft ɗin da kanta, kyauta. Sunansa Office Deployment Tool. Ka sauke shi daga shafinsu, ka buɗe shi a cikin folda ɗaya a kan filashi, misali folda mai suna Office. Zai fitar maka da setup.exe da samfurin fayilolin XML.

Fayil ɗin XML shi ne takardar oda. A ciki ake rubuta wane Office ake so, mai bit 64 ko 32, da harshe, misali en-us. Ba sai ka iya rubuta shi da ka ba, shafin config.office.com zai haɗa maka, kai dai zaɓe za ka yi. Amma ka kula da sunan samfurin, domin nan mutane ke tuntuɓe. O365HomePremRetail na masu Microsoft 365 na gida ne, O365ProPlusRetail na kamfanoni, ProPlus2021Volume kuma na masu lasisin jimla. In ka saka wanda bai dace da lasisinka ba, zai shiga lafiya lau, amma ba zai karɓi rajistarka ba.

Daga nan sai ka je inda sabis ke da ƙarfi. Ka nemo cmd a Windows, ka buɗe shi da ikon administrator, ka shiga foldar da umarnin cd /d E:\Office in harafin filashinka E ne, sannan ka rubuta:

setup.exe /download configuration.xml

Baƙin allon zai yi shiru kamar ya maƙale. Bai maƙale ba, kada ka rufe shi. Leƙa filashin za ka ga sabuwar folda tana ƙara nauyi. Sai alamar rubutu ta dawo sannan an gama.

A kowace kwamfuta da za a saka wa, ka jona filashin, ka shiga foldar kamar ɗazu, ka rubuta:

setup.exe /configure configuration.xml

Akwai wata dabara a nan. A cikin XML ɗin akwai wurin da ake kira SourcePath, inda ake nuna masa hanyar kayan. Harafin filashi yana canzawa, yau E, a wata kwamfutar F. In ka cire SourcePath gaba ɗaya, zai nemi kayan a foldar da setup.exe yake. Sai dai in bai same su a nan ba, ba zai yi maka magana ba, intanet zai koma ya ja. Saboda haka ka kashe data kafin ka fara. A ganina wannan ita ce hanya mafi sauƙi ta sanin ko filashin ya cika aikinsa. Kuma ka yi amfani da fayil ɗin XML ɗin da ka sauke da shi, kada ka sauke bit 64 ka zo kana neman 32.

Filashi dai data yake rage maka, ba lasisi yake bayarwa ba. Rajista tana son intanet, ko da na wayarka ne na 'yan mintoci, kuma Microsoft 365 yana son ya ga intanet aƙalla sau ɗaya a kwana 30, in ba haka ba zai hana ka gyara takardu. Masu cewa za su haɗa maka da “kirak” kuwa, sau da yawa da bairos ake haɗawa, ga shi a kwamfutar nan kake buɗe asusun banki. Ka kuma sani Office 2016 da 2019 sun daina samun gyaran tsaro tun 14 ga Oktoban 2025.

Wanda ba shi da kuɗin lasisi, LibreOffice kyauta ne, yana buɗe fayilolin Word da Excel. Fayil ɗaya ne na MSI da bai kai rabin giga ba. Ka rubuta msiexec /i sannan sunan fayil ɗin, ka ƙara /qn a ƙarshe in ba ka son ya tsaya yi maka tambayoyi.