Fitilar filash ta sutudiyo: abin da ya kamata ku sani kafin ku sayi ta hannu

 Matasa da dama a Maraɗi, Damagaram, Tawa da Yamai suna ɗaukar hoto don sha'awa, wasu da niyyar mai da shi sana'a wata rana. Bayan kamara, abin da ke biye a zuciyarsu shi ne fitilar filash irin ta sutudiyo. Sabuwa tana da tsada, shi ya sa ake komawa ga ta hannu. Ta hannu ba laifi ba ce, amma kada kuɗinku su fita sai kun tabbatar da abu ukku: tana shan irin kuran ɗinmu, kun gwada ta a gabanku, kuma ana samun kayan gyaranta.

Yadda take aiki

A cikinta akwai kondansata, wato ma'ajiyar wuta. Tana tara kuran na ɗan lokaci, sannan ta sake shi gaba ɗaya cikin wani bututun gilashi mai iskar zenon, sai haske ya walƙa cikin abin da bai kai ƙiftawar ido ba. A tsakiyar bututun akwai ƙwai na biyu mai ci kullum, wanda ke nuna muku inda haske da inuwa za su faɗa kafin ku danna.

Iri biyu ne a kasuwa. Akwai wadda komai nata yana cikin kai ɗaya, a ɗora ta a kan ƙafa a jona. Akwai kuma mai babban akwati a ƙasa, da kawuna da ake haɗawa da shi ta wayoyi masu kauri. Ga mai koyo ta farko ta fi, domin idan akwatin nan ya mutu, duk kawunan sun tsaya.

Ana auna ƙarfinta da Ws, wasu kamfanoni su rubuta J, duk ɗaya ne. A ɗaki ko ƙaramin shago, 200 zuwa 400 sun isa. Ku lura, 400 ta ninka 200 sau biyu a lissafi, amma a kamara mataki ɗaya ne kawai na buɗin ido, misali daga f/8 zuwa f/11. Abin da ya fi muhimmanci shi ne a iya rage ta sosai, don a ƙaramin ɗaki yawan haske ya fi ƙarancinsa damun mutum.

Na farko: kuran

A Nijar kuran na gida bolt 220 ne, haz 50. Kayan da suka fito daga Faransa, Jamus ko Ingila suna tafiya da shi, sai dai na Ingila da na Najeriya kan wayarsu mai haƙori ukku ne masu faɗi, sai an sa masa adapta. Amurka kuwa bolt 120 take amfani da shi, Japan 100. Fitilar da aka yi wa Amurka kaɗai, idan kuka soka ta a bango a nan, ƙonewa za ta yi nan take. Adapta ba ya canza ƙarfin wuta, siffar baki kawai yake canzawa. Don haka ku juya fitilar ku karanta abin da aka rubuta kusa da inda waya ke shiga. Idan 220 ne ko 230, ko 100 zuwa 240, madalla. Idan 110 ne ko 120, sai da taransifo mai ƙarfi, kuma ku sa kuɗinsa cikin lissafi. Shi ma ƙwan nan mai ci kullum yana da nasa bolt, ku duba.

Lokacin da take tara wuta tana jan kuran da yawa a ɗan lokaci, shi ya sa ƙaramin gurup ko ƙaramin ondila na sola ba kullum suke ɗaukarta ba. Inda ake yawan ɗauke wuta, masu batir irin Godox AD200 ko AD600 sun fi dacewa. Amma batirin da ya kumbura, ko wanda ke saurin sauka, ku ɗauka sabo za ku saya.

Na biyu: gwaji

Ku tafi da kamararku. Mai kaya da ya ƙi a jona a gwada, ku yi masa sallama.

Ku dubi bututun filash: in ya tsage ko bakinsa ya yi baƙi ƙirin, ya kusa ƙarewa. Ku kunna, ku sa ta a ƙarshen ƙarfinta, ku danna kamar sau 10 a jere kuna jiran ta shirya. Yawancinsu suna shiryawa cikin daƙiƙa 1 zuwa 3. In lokacin yana ƙaruwa, ko tana tsallake wasu, ko kun ji warin ƙuna ko ƙarar tartsatsi, akwai matsala a kondansata. Sannan ku rage ta har ƙasa, ku ɗauki farin bango sau biyar ba tare da taɓa saitin kamara ba. Hotunan su zo daidai, haske ɗaya, launi ɗaya.

Ku saurari fankarta in tana da ita. A watan Afirilu da Mayu zafi yana wuce digiri 40 a garuruwanmu, ga ƙurar hunturu da ke toshe ramukan iska, to fitilar da ba ta shan iska ba za ta daɗe ba. Ku gwada maɗaurin da ke riƙe kanta a kan ƙafa, domin in ya saki, nauyin laima zai riƙa sunkuyar da ita. Ku tambayi tsawon lokacin da ta yi a ajiye: kondansata tana lalacewa da zama, kuma wadda ta yi shekaru ba a kunna ba, a fara kunna ta a ƙaramin ƙarfi, a bar ta ta jima kafin a danna.

Na ukku: kayan gyara da haɗi

Suna babba ba shi ne sauƙi ba. Profoto na Suwidin da Elinchrom da Broncolor na Suwizalan kaya ne masu kyau, amma kowanne da irin bakinsa na ɗaura murfi da akwatin tausasa haske, kuma kayansu da tsada. Kamfanin Bowens na Ingila ya rufe a 2017, saboda haka kayan gyaran tsofaffin fitilunsa suna wuya, amma irin bakinsa ya zama gama-gari, shi Godox na ƙasar Sin da wasu da dama ke amfani da shi. Fitila mai bakin Bowens ta fi sauƙin samun abin ɗaurawa. Kafin ku biya, ku bincika ko ana sayar da bututunta, da kuma kuɗin sabuwa mai irin ƙarfinta. In tazarar kaɗan ce, sabuwa ta fi.

Kare kamara da kare kanku

Wasu tsofaffin fitilu suna tura wuta mai ƙarfi ta wayar da ke haɗa su da kamara, har ta iya ƙona kamarar zamani. Maganin shi ne ƴar na'urar rediyo: ɗaya a kan kamara, ɗaya a jikin fitila, babu waya tsakani. Ku bar gudun kamara a 1/200 ko ƙasa, in ba haka ba a yawancin kamarori baƙin layi zai yanke hoton.

Sannan don Allah kada ku kwance ta. Kondansata tana riƙe ɗaruruwan bolt ko bayan an cire waya daga bango, kuma tana iya kisa. Gyara sai wanda ya san aikin. Kada ku taɓa ƙwai ko bututu da hannu tsirara, kuma ku bari su huce kafin ku rufe.

Ga mai farawa, fitila ɗaya mai lafiya, ƙafa mai ƙarfi, laima da farin kwali na mai da haske sun isa a koyi aiki. Allah Ya ba da sa'a, Ya sa a saya a sa'a.